Tsakanin Komi da Kanti

Bara, a makon farko na Disamba, na tsaya a ƙofar wani kanti a Kaduna ina kallon yaron shago yana yagar auduga yana liƙawa a rassan wata bishiyar roba. Hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari, audugar da ya liƙa da hantsi har ta fara komawa ruwan ƙasa. Na ce, "Samari, wannan audugar fa?" Ya ce, "Baba, oga ne ya ce a sa, wai ƙanƙara ce." Yaron bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. A labarin haihuwar da ake wannan ado dominta kuwa babu inda aka ambaci ƙanƙara, ko bishiya, ko wani tsoho mai jar riga. Duk a hanya bikin ya tsince su, hanyar da ta kusa shekara 1,700. Wanda ya bi sawunta zai tarar cewa kukan da fastoci ke yi yau, wai kasuwa ta ƙwace Kirsimeti, ya girmi bikin kansa.

Linjilar Matiyu da ta Luka ne kaɗai suka kawo labarin haihuwar Yesu Almasihu, wanda 'yan'uwanmu Musulmi ke kira Annabi Isa, kuma babu wadda ta faɗi rana ko wata. Luka ya ambaci komin dabbobi da makiyayan da ke kwana a daji suna gadin garkensu. Matiyu ya ambaci tauraro da masanan gabas da sarki Hirudus. Kiristocin farko ba su ma damu da neman ranar ba, domin babban bikinsu Ista ne, shahidansu ma da ranar da aka kashe su ake tunawa da su. Wajen shekara ta 200 wani malamin Iskandariyya ta Masar mai suna Kilemen ya rubuta cewa akwai masu lissafin da ke sa haihuwar a 20 ga Mayu, wasu kuma a Afrilu. Orijin, wanda ya biyo bayansa a wannan gari, ya fi shi zafi. A ganinsa bikin ranar haihuwa aikin irin su Fir'auna da Hirudus ne, tunda su Littafi Mai Tsarki ya nuna suna yi.

Shaida mafi tsufa da ke hannu ita ce wani kundin kalanda da aka rubuta wa wani attajirin Kirista a Roma a 354. A cikinsa akwai jerin ranakun ikilisiya da aka tsara tun 336, inda aka sa haihuwar Almasihu a Baitalami a 25 ga Disamba. Masana sun rabu biyu kan dalilin zaɓen ranar. Wasu sun ce lissafi ne: an ɗauka cewa an yi cikinsa a 25 ga Maris, aka ƙirga wata tara. Wasu sun ce ikilisiya ce ta je ta kafa tutarta a tsakiyar shagalin arna, domin a kalandar Romawa ranar ce dare ke kai matuƙar tsawonsa, rana ta fara dawowa, kuma sarki Aureliyan ya gina wa gunkin rana babban ɗakin bauta a 274. Ko wanne ne daidai, abin da babu musu a kansa shi ne watan da bikin ya faɗa ba kango ba ne. Daga 17 zuwa 23 ga Disamba Romawa na shagalin Saturnaliya: a rufe kotu da makaranta, a halatta caca, bawa ya zauna ubangidansa ya ɗebo masa abinci, a yi ta musayar kyandir da 'yan tsana na yumɓu, har kasuwa ta musamman ake ci domin waɗannan kyaututtuka. Kwana kaɗan bayan nan ga bikin sabuwar shekara da tasa kyautar. Seneka, wanda ba Kirista ba ne, ya koka a wata wasiƙa cewa Disamba ta daina zama wata guda, ta shanye shekarar duka.

Shugabannin ikilisiya sun sha fama da mabiyansu a kan wannan shagali tun ba a fara Kirsimeti ba. Tatuliyan na Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, ya yi faɗa wajen shekara ta 200 cewa Kiristoci na shiga rububin kyauta da ciye-ciyen arna. Bayan shekara ɗari biyu Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, yana kan mumbari yana roƙon jama'arsa: in maƙwabta na rabon kyautar sabuwar shekara ku ku ba da sadaka, in suna tururuwa gidan wasa ku ku zo coci. Fafaroma Liyo na ɗaya, a tsakiyar ƙarni na biyar, ya tsawata wa masu ibadar da in sun hau matakalar majami'ar Bitrus sai su juya su rusuna wa rana kafin su shiga. A gabas kuwa 6 ga Janairu aka saba da ita, sai a hankali 25 ga Disamba ta shiga. Yahaya Kirisostom ya yi wa mutanen Antakiya wa'azi wajen 386 yana lallashinsu su karɓi sabon bikin, wanda ya ce bai kai shekara goma da zuwa wajensu ba. Armeniyawa ba su taɓa karɓa ba, har yau 6 ga Janairu suke yi.

Da addinin ya haura arewacin Turai sai ya tarar da manoma a lokacin da suka fi kowane lokaci hutu. An gama girbi, an yanka dabbobin da babu harawar riƙe su har bazara, giya ta nuna, dare ya yi tsawo, sanyi ya hana aiki. Taron bishop-bishop da aka yi a birnin Tur na Faransa a 567 ya amince da kwana goma sha biyu na biki, daga 25 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu, kafin su kuma akwai makonnin azumi da jira. Waɗannan kwanaki goma sha biyu ba na yara ba ne, ba kuma na cikin ɗaki ba. Talakawa ne ke bin gidajen masu gonaki da masu sarauta suna waƙa a ƙofa, a buɗe musu a ba su nama da abin sha, wanda ya yi rowa ya sha zambo, wani lokaci ya wayi gari an fasa masa taga. Wanda ya san tashen watan azumi a garuruwanmu zai gane fasalin abin, in ka cire giya da ɓarna. Mummunan gefensa a fili yake, maye da faɗa da lalata. Amma akwai wani abu a ciki da nake so mai karatu ya riƙe: sau ɗaya a shekara ƙofar mai hali na buɗuwa ga marar shi, kuma marar shin ba bara ya zo yi ba, haƙƙinsa ya zo karɓa.

Faransis na Asisi ya so ya jawo hankalin mutane daga bukin titi zuwa asalin labarin. A daren Kirsimetin 1223, a wani kogo a ƙauyen Greccio na Italiya, ya sa aka kawo komi aka zuba ciyawa, aka ɗaure sa da jaki na gaske, ƙauyawa suka zo da jiniya da kyandir aka yi sujada a wurin. Nufinsa mutane su gani da ido irin talaucin da aka haifi yaron a ciki. Almajiransa sun ruwaito cewa yana so a ranar mawadata su ciyar da mayunwata, dabbobi ma a ƙara musu harawa. Daga wannan dare al'adar ajiye siffar komi a coci da gidaje ta yaɗu.

Bayan gyaran addinin da Martin Luta ya fara a 1517 sai aka sami Kiristocin da suka ce gyara ba zai yiwu ba, a kashe bikin kawai. Hujjarsu biyu ce: ranar ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, abin da ake yi a cikinta kuma ya saɓa masa. Majalisar Sikotlan ta soke hutun a 1640, kuma bai koma ranar hutun ƙasa a can ba sai 1958. A Ingila 'yan tsarkake addini da ke riƙe da majalisa suka haramta Kirsimeti da Ista a 1647, suka umarci a kulle coci a buɗe kantuna. Abin lura ke nan: a wancan zamani buɗe kanti ranar 25 ga Disamba shi ne alamar tsoron Allah. Da magajin garin Kantabari ya tilasta a ci kasuwa a ranar, jama'a suka fito suka farfasa shagunan da suka buɗe, suka watsa kaya a titi, suka karɓe garin na ɗan lokaci. Haramcin ya faɗi da dawowar sarauta a 1660. A ƙetaren teku, a Amurka, mahukuntan Masacuset sun kafa doka a 1659 cewa duk wanda aka kama yana bikin, ko da ta hanyar ƙin zuwa aiki ne, zai biya tarar sule biyar. An soke ta a 1681, amma ƙyamar ta daɗe a zukatan mutanen yankin.

Kirsimetin da yaron shagon nan ke yi wa ado kuwa a Niyu Yok aka yanke masa cibi, tsakanin 1809 da 1830. Garin na cika da baƙi da ma'aikata marasa galihu, kuma tsohon yawon ƙofa-ƙofa ya zama gungun matasa masu ganguna da gwangwanaye da ke hana unguwannin attajirai barci. A ƙauye mai gona ya san manomansa, a birni kuwa mai kuɗi bai san wanda ke buga masa ƙofa ba, sai tsoro ya maye gurbin karamci. Wasu manyan garin, irin su John Pintard da marubuci Washington Irving, suka shiga tallata wani irin Kirsimeti na cikin gida, suna jingina shi da al'adun Holan da na tsohuwar Ingila. A Disambar 1823 wata jarida a garin Troy ta buga wata waƙa, wadda daga baya aka danganta wa Clement Moore, mai ba da labarin wani tsoho da ke saukowa ta bututun hayaƙi cikin dare ya zuba wa yara kyauta ya wuce ba ya neman komi. Masanin tarihi Stephen Nissenbaum ya bi diddigin wannan sauyi, kuma na yarda da abin da ya gano. Kyautar da a da take fita ta ƙofa daga mai hali zuwa talaka ta juya ta koma cikin falo, daga iyaye zuwa 'ya'yansu. Talakan da ke ƙofa ana sallamarsa da abin da ke rumbu. Yaron gida kuwa, wanda ya riga ya ƙoshi, ba za ka burge shi da abin rumbu ba, sai ka je kanti. A nan kasuwa ta sami ƙofar shiga, kuma iyaye masu ƙaunar 'ya'yansu ne suka buɗe mata.

Shi tsohon yana da asali na gaske. Nikolas bishop ne na garin Mira a ƙarni na huɗu, a kudancin Turkiyya ta yau, ƙasar zaitun da rana. Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na wani talaka mai 'yan mata uku da ya rasa abin yi musu kayan aure har yana shirin sakin su ga karuwanci, Nikolas ya riƙa zuwa da dare yana jefa ƙunshin zinariya ta taga don kada a san shi ne. Ranar tunawa da shi 6 ga Disamba ce, mutanen Holan na kiransa Sintakilas, daga nan Amurkawa suka sami Santa Kilos. Mai zane Thomas Nast ya fara zana shi a mujallar Harper's Weekly a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, daga baya ya ba shi gida a ƙurewar arewa cikin ƙanƙara. Masu cewa Coca-Cola ce ta ƙirƙiro jar rigar sun yi kuskure, ta riga su. Abin da kamfanin ya yi daga 1931, da zanen Haddon Sundblom, shi ne ya manna wannan fuska ɗaya a allunan talla shekara da shekaru har ta kore sauran. Mutumin da ya ɓoye hannunsa don ya ceci 'ya'yan talaka ya zama mai zaman kujera a ƙofar kanti ana biya a ɗauki hoto da shi.

Sauran kayan sun taru cikin sauri. A 1843 Henry Cole ya buga katin gaisuwar Kirsimeti na farko a Landan, guda dubu, kowanne sule ɗaya, a shekarar ce kuma Charles Dickens ya fitar da labarinsa na marowacin attajirin da ya tuba a daren bikin. Bishiyar al'adar Jamusawa ce, hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat a gindinta da wata jarida ta buga a 1848 ya sa kowane gida ke so. Amurka ta mai da ranar hutun gwamnatin tarayya a 1870. Barewar Santa mai jan hanci ma kantin Montgomery Ward ne ya sa ma'aikacinsa ya ƙago ta a 1939, aka raba littafin sama da miliyan biyu don jawo masu saye. Waƙar farin Kirsimeti da Bing Crosby ya rera a faifai a 1942, wadda Irving Berlin, Bayahude ɗan ci-rani, ya rubuta, ba ta ambaci Almasihu ko sau ɗaya ba. Ƙanƙara take bege da gida, kuma sojojin da yaƙi ya watsa a duniya suka rungume ta. Jikanyar wannan ƙanƙarar ce audugar Kaduna. Bishiyar robar kuwa mai yiwuwa daga Yiwu ta ƙasar Sin ta fito, garin da ke ƙera kaso mafi tsoka na kayan adon Kirsimetin duniya, inda 'yan kasuwarmu ma ke zuwa sari.

Ba a yi shiru ana kallo ba. Tun 1850 marubuciya Harriet Beecher Stowe ta koka kan dukiyar da ake zubarwa wajen sayen abin da babu mai so. A 1912 wasu mata a Niyu Yok suka kafa ƙungiyar hana kyautar banza, domin 'yan matan da ke tsaron kanti ana matsa musu su yi karo-karo daga ɗan albashinsu su saya wa shugabanninsu kyauta. Dubi yadda abin ya kife: kyauta ta koma hawa daga ƙasa zuwa sama. Amma ƙarfin kasuwa ya riga ya kai fadar gwamnati. A 1939 Alhamis ta ƙarshe a Nuwamba, ranar Godiya da ake fara sayayya bayanta, ta faɗo a 30 ga wata. Masu manyan kantuna suka ce kwanakin ciniki sun yi kaɗan, shugaba Franklin Roosevelt ya janyo ranar baya da mako guda. Jihohi suka rabu, wasu suka bi wasu suka ƙi, sai a 1941 majalisa ta tsayar da Alhamis ta huɗu.

A Disambar 1951 limaman Katolika a Dijon ta Faransa suka rataye gunkin Baba Kirsimeti, wato Santa, a shingen babbar majami'ar garin suka cinna masa wuta a gaban ɗaruruwan yara, suna cewa ya ƙwace wurin da ba nasa ba. Jaridu suka yi musu ca, hukumar garin kuma ta sake fito da shi a dandali. Abin da ya faru a Amurka a 1984 ya fi wannan ba ni tausayi. An kai ƙarar garin Pawtucket cewa ya ajiye siffar komi da kuɗin gwamnati, alhali tsarin mulki ya raba gwamnati da addini. Kotun ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce ba laifi, tunda komin na tsakanin gidan Santa da barewa da bishiya ne, ado ne na lokacin hutu. Kiristoci da yawa suka yi murna sun ci nasara. Ɗaya daga cikin alƙalan da suka ƙi, Harry Blackmun, ya nuna musu farashin nasarar: an bar komin ne bisa sharaɗin cewa ba ya nufin komi sai jawo ciniki.

Daga nan rigimar gaisuwa ta taso. A ƙasar da Yahudawa ke Hanuka a wannan watan, baƙaƙen fata da dama ke Kwanza tun 1966, ga Musulmi da 'yan Hindu da marasa addini, kantuna sun koma cewa "barka da hutu" don kada su kori kowa. Wasu Kiristoci na jin an goge sunan Ubangijinsu, har a 2015 aka yi ta cacar baki don kamfanin Starbucks ya fitar da jan kofi babu zane. Na fahimci ciwon, amma a ganina an kai ƙara inda ba a shari'a. Mai kanti ciniki yake nema, in ya ga ambaton Almasihu zai kawo riba gobe zai rubuta shi da manyan haruffa. Japan ta isa misali: Kiristoci wajen kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai, amma tun tallar da KFC ta fara a 1974 ake layin soyayyar kaza a daren 24 ga wata. Tarayyar Sobiyet ma ta kashe bikin a 1929, ta dawo da bishiyar a 1935 ta ce ta sabuwar shekara ce. Adon yana rayuwa lafiya lau ba tare da addinin ba.

Abin da kasuwa ta cinye da gaske, wanda ba a cika yi masa kuka ba, shi ne jira. A tsohon tsari makonnin kafin 25 ga wata na kamewa ne, shagali kuma ya biyo baya kwana goma sha biyu. Yanzu an juya: shagali da sayayya tun Nuwamba, ranar 26 a karya farashi a kwashe ado. Wanda ke son ganin tsohon tsarin da ransa sai ya dubi maƙwabtanmu na gabas. Kibɗawan Masar da Otodoks na Habasha, waɗanda bikinsu ke faɗowa a 7 ga Janairu saboda tsohon lissafin kalanda, suna azumin sama da kwana 40 kafinsa, ba nama ba madara ba ƙwai. A Lalibela, inda aka sassaƙe majami'u daga cikin dutse, dubban mutane cikin fararen mayafai na kwana a tsaye suna waƙa har gari ya waye, sannan a koma gida a karya da miyar kaza mai yaji da injera, samari su fita ƙwallon gora da ake kira ganna, sunan da bikin kansa ke amsawa. A Filifin manyan kantuna na sa waƙoƙin Kirsimeti tun Satumba, duk da haka daga 16 ga Disamba mutane na tashi da asuba kwana tara a jere su je coci, lokacin da aka zaɓa tun da can don manoma su samu kafin su tafi gona, mata kuma na soya wainar shinkafa a bakin ƙofa. Nan ma ciniki ne, amma cinikin da ya bi masu ibada. A Baitalami kanta sau uku ake bikin, na Katolika, na Otodoks, da na Armeniyawa a tsakiyar Janairu saboda tsohon lissafin kalanda, kuma garin da baƙin lokacin yake ci. A 2023, saboda yaƙin Gaza, shugabannin coci suka soke fitilu da bishiya, wata majami'ar Lutaran ta kwantar da siffar jaririn a cikin ɓaraguzan gini.

Mu nan bikin ya iso da 'yan mishan: SIM daga 1893, SUM daga 1904, Dokta Walter Miller a Zariya da daga baya Wusasa, Littafi Mai Tsarki kuma ya fito da Hausa a 1932. Ya yi dacen lokaci kamar yadda ya yi a Turai, don ya tarar an gama kaka, rumbu ya cika, gona ta saki mutane. Shi ya sa a Filato da kudancin Kaduna da Adamawa Kirsimeti komawa gida ne kafin komi: a cika mota daga Legas da Abuja, a yi aure, a sasanta rigimar gado, zumuntar mata ta fito da anko da tulunan kiɗa, yara su yi wasan kwaikwayon makiyaya da sandunan gaske, a Kagoro a zarce da bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Nauyin ma namu ne. Tela ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa, direba ya ninka kuɗin mota, tumatir da kaza su yi tashin gwauron zabi, maigida ya ci bashi ya manta kuɗin makaranta na jiransa a Janairu. Na san wata gwauruwa a cocinmu da ta ƙi zuwa sujadar safiyar Kirsimeti shekara biyu a jere, ba don rashin lafiya ba, don 'ya'yanta uku ba su da sabon kaya kuma ba ta son su tsaya kusa da masu shi. Babu wanda ya kore ta. Babu kuma wanda ya lura sai a shekara ta biyu, ni ma ina cikin waɗanda ba su lura ba, kuma har yau abin na damuna. Ga kuma tsoro, wanda ya shigo tun bama-baman Jos na jajibirin 2010 da na cocin Santa Tarisa a Madalla ranar Kirsimetin 2011, har ya zama ana laluben jakar mutum kafin ya shiga yin waƙar salama.

Amma ƙofar nan da aka rufe a Niyu Yok ba ta gama rufuwa a unguwanninmu ba. A gidan da na tashi, ranar 24 da yamma mahaifina kan aika a kira malamin da ke maƙwabtaka da mu ya zo da wuƙarsa ya yanka akuya da kaji, don kada a kai abinci wani gida a yi ta ɗari-ɗari da shi. Da safe kafin a tafi coci mahaifiyata ta jera langa-langa a tsakar gida, ta zuba shinkafa da miya, ta ɗora nama, ta ɗaure kowacce da ƙyalle, tana faɗin sunan gida ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda su ma suke jera namu ranar Sallah. Ni ake ɗora wa ta gidan malam, saboda ita ce babba. In na yi sallama matarsa ta karɓa ta ce, "Barkanku da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. Ka gaida mamanka." Sai ta ce in jira. Ta juye, ta wanke langar, ta zuba dabino ko ƙuli-ƙuli a ciki ta rufe, ta damƙa mini kwabo a hannu, in fito cikin hazon hunturu ina sauri kada ƙararrawar coci ta riga ni.